Alby Tonkin da Ƙadangaren da Ya Ƙi Ganye

A rumfunan askin tumaki da ke warwatse a jejin kogin Darling, ba mai gona ke riƙe da wuyan mai girki ba. Masu askin ne da kansu. Daga aljihunsu ake biyansa, saboda haka ran da miya ta gundure su, sai su taru bayan cin abincin dare wani ya ce, "Wanda ke son a sallami mai girki ya ɗaga hannu." In hannuwa suka yi rinjaye, da safe ka naɗe bargonka ka tsaya bakin hanya kana jiran wanda zai rage maka tafiya.

Alby Tonkin ya yi kusan shekara arba'in a wannan aiki, ba a taɓa ɗaga masa hannu ba. In ka ziyarce shi a gidansa na kwano da ke Broken Hill, kafin shayinka ya huce zai gaya maka haka, in ka sake dawowa ya sake gaya maka.

Ba da girki ya fara ba. Yana saurayi aikinsa tsintar gashi ne, yana bin bayan masu aski yana kwashe abin da suka zubar. Wata safiya mai girkinsu ya tafi gari sayen gishiri bai dawo ba. Aka duba aka ga duk rumfar Alby ne kaɗai za a iya rasawa ba a ji a jiki ba, sai aka miƙa masa ludayi. Daga nan ya kafa dokokinsa, bai kuma taɓa sauya ko ɗaya ba. Tun da duhu abinci na kan tebur. Akwai wani tsohon faifan garma da yake ratayewa a ƙofar kicin, in ya buga shi kowa ya zo. Nama ne gaba. Kabeji da kabewa da dankali a dafa su da kitsen rago har sai sun daina gardama. Lokacin ci in ya wuce a kwashe faranti, ko ka gama ko ba ka gama ba, don ƙudan jeji ba ya jiran kowa. Shi kuwa ba ya zama. A tsaye yake cin nasa a gindin tukunya, bayansa na kallon tebur. Bai san yadda fuskar mutum take ba in yana cin abincinsa. Faranti yake karantawa: in ya dawo a share, an gode, in ya dawo da saura, akwai magana.

Da gwiwoyi suka ce sun gaji, sai ya dawo gida da tukwanensa. Matarsa Beryl ta ba su ɗaki guda, ta hana shi taɓa nata. Bayan rasuwarta ne ya gano abin da bai iya ba. Mafi ƙanƙantar tukunyarsa ta mutum goma sha biyu ce, hannunsa kuma bai san gishirin mutum ɗaya ba. Tukwanen Beryl ya riga ya ba 'yarsu. Ya gwada sau biyu, ya ci miya ɗaya har ta ƙi shi, daga nan ya koma burodi da kifin gwangwani, a tsaye a wurin wanke-wanke. A wannan lokacin ne kuma hannunsa na dama ya soma 'yar rawa. Ba ta da yawa, amma takan sa cokali ya yi ƙara a kofi. In da baƙi, hannun na aljihu.

Da sanyi ya fara ja da baya, 'yarsa Narelle ta zo daga Dubbo tare da 'yarta Tamsin, da wani akwatin gilashi a kujerar baya an ɗaure shi da bel kamar mutum. A ciki akwai reshen itace, da fitilar ɗumi, da ɗan ƙadangare mai gemu wanda da wutsiyarsa duka bai kai kamu ɗaya ba. Launinsa na biskit ne. Sunansa ma ke nan, Biskit.

"Mai gidan da muka koma bai yarda da dabba ba, Baba," in ji Narelle. "Ko kifi. Zai zauna wurinka zuwa hutun makaranta."

Tamsin ta ajiye wani kwali mai huji-huji a kan tebur, ana jin motsi a ciki. "Gyare yake ci, Kaka, ga su nan. Amma ya isa fara cin ganye, ya ƙi. In bai ci ba ƙashinsa zai yi laushi."

"Ya ƙi?" Alby ya sunkuya ya dubi ƙadangaren, ƙadangaren ya karkata kai ya dube shi da ido ɗaya. "'Yar nan, ni na ciyar da Wal Pascoe. Mutumin da ke tsince albasa daga miya ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a bakin faranti. Har ya bar aiki yana neman ƙari. Wannan ɗan abin ne zai gagare ni?"

Narelle kuwa kicin ta nufa. Ta buɗe firij ta rufe, ta leƙa kwandon shara ta ga gwangwanaye. Da za su tafi, tana ɗaura bel ta ce, "In na dawo na tarar da shi a rame, zan mayar da shi wurin wanda ya sayar mana. Kai kuma ka shiga mota. Ɗakin baya na nan ba kowa a ciki. Wanda bai iya ciyar da ƙadangare ba, Baba, ban san yadda yake ciyar da kansa ba."

Da dariya ta faɗa. Amma Alby ya san 'yarsa. Haka uwarta ma take dariya in ta riga ta gama yanke shawara.

Washegari tun da duhu ya tashi. Ya sauko da ƙaramar tukunyar, ya dafa kabeji da kabewa da ɗan kitse, ya ɗiba a murfin kwalba ya ajiye a cikin akwatin. Da ya juya sai ya ji wani abu bai cika ba. Ya je ɗakin tukwane ya nemo faifan garma, ya rataye a baranda ya buga.

Karnukan unguwa suka amsa. Biskit yana manne da reshensa, jikinsa da sanyi, ido a rufe. Alby ya koma kicin ya ba akwatin baya, kamar yadda ya saba. Da lokacin ci ya wuce ya dawo ya ɗauke murfin. Ba a taɓa ba.

Da rana ta take, ƙadangaren ya ji ɗumi ya fara zagaye yana shafa gilashi da hanci. Alby ya tsaya yana kallonsa, zuciyarsa ta kasa jurewa. A rumfarsa ba a taɓa barin mutum da yunwa ba, ko wanda ya zage shi. Ya zuba gyare. Biskit ya bi su ɗaya ɗaya yana cafkewa, har cikinsa ya yi faɗi kamar faifai, ya koma ƙarƙashin fitila ya baje.

Haka aka yi ta yi. Alby ya gasa kabewa. Ya daka karas. Ya yi faten wake da ganye wanda a da masu aski kan lashe cokali a kansa. Kullum da duhu a buga ƙarfe, kullum a kwashe murfi cike, kullum da rana a zuba gyare. Saura kuwa, tukunyar mutum goma sha biyu, kajin wani abokinsa ne suka yi ƙiba.

Ran Lahadi Tamsin ta kira a waya. "Me kake ba shi, Kaka?"

Ya lissafa mata da alfahari. 

"Dafawa kake yi? Da gishiri? Kaka, ɗanye ake ba shi."

"Ɗanye ai ba girki ba ne. Ɗanye kayan girki ne."

"A daji wa ke dafa masa?"

"Shi ya sa 'yan dajin ba su da kumatu."

Duk da haka ya sauka daga kan bakansa. Ya wasa wuƙa ya yanka ganyen ɗanye, siriri kamar gashi, ya tara. Da duhu ya buga ƙarfe, ya ajiye, ya ba da baya, ya kwashe. Da abin ya ishe shi sai ya yi dabarar da yake yi wa Wal da albasa: ya ɓoye gyare a ƙarƙashin ganye. Biskit ya tona ya cinye gyaren tas. Wani ɗan ganye ya maƙale masa a harshe, ya tsaya ya goge bakinsa a jikin reshe, dama da hagu, har sai da ganyen ya faɗi.

Duk Juma'a Wal Pascoe kan zo shan shayi, shi da wasu tsofaffin masu aski biyu. Ran nan kaɗai Alby ke kunna murhu da dalili, ya gasa musu kek mai zabibi a faffaɗan tire. Wal ƙato ne, bayansa ya lanƙwashe saboda sunkuyon shekaru a kan tumaki, ga farin gemu har ƙirji. Ya ji labarin ƙadangare tun daga kanti.

"To, mutumina, ina sabon ma'aikacin? An ce ya shiga yajin cin abinci."

"Ba yaji ba ne. Baƙunta ce."

"Mako nawa ke nan yana baƙuntar?" Wal ya ja kujera gaban akwatin, ya kai gemunsa dab da gilashi. "Sannu, ƙanena. Na san abin da kake ciki. Ni ma na ci kabejinsa. Har yau in na ga tsohuwar safa a jiƙe sai in tuna da shi."

"Ka ci ka nemi ƙari, tsohon banza."

"Yunwa ce, ba ƙauna ba." Wal ya gyara murya ya buga tebur. "Jama'a, an kawo ƙara. Wanda ke son a sallami mai girki ya ɗaga hannu."

Ya ɗaga nasa. Sauran biyun hannuwansu na riƙe da kek, suka ce su ba ruwansu. A nan ne Biskit, da ke kallon wannan babban gemu da ya tokare masa gilashi, ya ɗaga ƙafarsa ta gaba. A hankali ya ɗaga ta, ya zagaya da ita a iska kamar mai bankwana daga nesa, ya sauke.

Ɗaya daga cikin tsofaffin ya ƙware da shayi. Wal ya yi dariya har ya zame daga kujera. "Biyu da babu, Alby. Naɗe bargonka."

Alby ma ya yi dariya, don abin dariya ne. Amma bayan sun tafi ya daɗe tsaye a gaban akwatin, a karon farko yana kallon mai cin abincinsa ba farantin ba. Sai ya lura yatsun ƙafar Biskit na baya suna wata 'yar makyarkyata, ɗan kaɗan, kamar ganye a iska. Ya san irin wannan rawar. Ya dubi aljihunsa na dama.

Likitar dabbobin da ya kai shi wurinta yarinya ce, ba ta girmi Narelle ba. Ta murza ƙafafun, ta buɗe bakin, ta ce abin bai yi nisa ba. Ta ba shi wani farin gari na ƙarfafa ƙashi ya riƙa barbaɗa wa gyare, ta ce fitilar akwatin ta tsufa a sake ta, a kuma riƙa fitar da shi rana ta gaske kowace hantsi, ba ta bayan gilashi ba. Ganye kuwa dole ne.

"Ɗaga ƙafa fa?" Alby ya tambaya kamar ba komai. "In ya ɗaga ƙafa, me yake nufi?"

"Ya ga wanda ya fi shi girma ne. Yana cewa na gan ka, ba faɗa nake nema ba."

"Ba ƙuri'a ba ce ke nan."

"Na'am?"

"Ba komai, likita."

Da yamma Narelle ta kira. Cikin hira ta ce ta yi wa ɗakin baya fenti, shuɗi mai haske. Bai gaya mata zancen likita ba.

A ɗakin tukwane akwai tsohon kejin waya da yake ajiye nama a ciki saboda ƙuda. Ya wanke shi ya sa reshe, ya kai tsakar gida inda hantsi ke dukawa. Tsakar gidan Alby jar ƙasa ce a share, ko tsinke babu. Shekara da shekaru yana mata feshin maganin ciyawa, don a jeji ya koyi cewa inda ciyawa take nan maciji yake. Ya ajiye kejin zai koma ciki, sai ya ga inuwar shaho ta gifta. Ga kuma kyanwar wani a kan rufi ta daina lasar ƙafa. Ba yadda zai yi, ya jawo kujera ya zauna.

Rabonsa da zama da hantsi ba ya yin komai, ya manta. Ranar farko ƙafafunsa sai ƙaiƙayi suke. Rana ta biyu ya fara ganin abin da ke gabansa.

Abin da ke gabansa shingen Ines Zanon ne. Ines matar wani mai haƙar ma'adinai ce da ya rasu, tun tana yarinya aka zo da ita daga Italiya. Tsakar gidanta a wurin Alby daji ne: tumatir, wake, inabi, da wata ciyawa mai ganye kamar haƙoran zarto da fure ruwan ɗorawa, wadda take kira cikoriya. Ba ta cire ta. Tsinka take ta ci ɗanya. In furen ya bushe ya zama farin gashi, iska ta kwaso shi ta zube a share-sharen Alby, kuma a kan wannan suka shekara ashirin suna gaisawa sama-sama. Ya sha gaya mata cewa ko a jeji akuya ake bar wa irin wannan.

A kan gungumen shingen nan wani babban ƙadangare mai gemu yake kwana, na daji, toka-toka, tsawon hannun mutum. Alby ya sha ganinsa bai taɓa kula ba. Yanzu da ba shi da abin yi, sai ya bi shi da ido. Da sassafe yana nan kamar an sassaƙa shi da gungumen, baƙi-baƙi, ba ya ko motsi. Rana na hawa yana ƙara haske, yana baje ciki. Sai da rana ta yi zafin da Alby ya jawo hularsa gaba, sannan ya sauko, ba gaggawa, ya shiga cikin ciyawar Ines. Ya wuce furanni da yawa bai kula su ba. Iska ta kaɗa wani ya yi rangaji, sai ya karkata kai, ya cafke. Ya tsaya. Ya yi tafiya kaɗan, ya ci ganye, ya sake tsayawa ya daɗe. Haka ya yi ta yi har azahar, ba wanda ya buga masa ƙarfe, ba wanda ya ɗauke masa faranti.

Alby ya kalli wannan kwana da kwanaki, yana fatan ya ga ƙadangaren ya ci wani abu dabam da za a samu a kanti. Bai ci ba. Rannan ya tashi ya gyara hula ya isa shinge.

"Ines."

Ta ɗago daga cikin wake. "Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu."

"To faɗi ƙorafin in ji, ina da tukunya a wuta."

"Ciyawar nan taki nake so. Mai furen."

Ta sa tafin hannu a bayan kunne. "Kunnen nan ya tsufa, maƙwabci. Maimaita."

"Kin ji ni sarai. Ba ni zan ci ba, baƙo gare ni."

"Na san baƙon. Duk layin nan an san baƙon. Kullum da asuba kana buga masa ƙarfe, mu muna tashi, shi yana barcinsa." Ta goge hannu a riga. "Abincin akuya kake nema ke nan."

"Na taɓa faɗin haka?"

"Ranar bikin 'yata ma ka faɗa." Ta sunkuya ta tsinko furanni da ganye cike da hannu, amma ba ta miƙa ba. "Ba na ba da cikoriya ga wanda bai san ɗanɗanonta ba. Yau da rana ka zo ka ci. A zaune, Alby. A kujera, irin mai ƙafa huɗun nan. Beryl ta gaya mini ko a gidanku sai ta yi da gaske."

Sai da ya ce zai zo ta miƙa masa, ya karɓa ya koma wurin keji. Rana ta riga ta gasa Biskit, ya yi haske, idonsa tar. Alby ya wanke furen ya ajiye a murfin kwalba. Biskit ya duba, ya kau da kai. Alby ya tuna da iska, ya sunkuya ya hura. Ƙadangaren ya rufe ido, gemunsa ya ɗan yi duhu, alamar ba ya son raini.

Sai Alby ya ɗauki fure ɗaya ta kara da hannun hagu ya miƙa masa. Hannun hagu lafiyayye ne, furen ya tsaya cak. Biskit ya kalle shi kamar yadda ake kallon bango. Aka daɗe a haka har kafaɗar Alby ta gaji. Ya waiga, ba kowa sai kyanwa. Ya zaro hannun dama daga aljihu ya karɓi furen.

Furen ya fara rawa, 'yar ƙaramar rawa marar tsayawa, kamar wani ƙwaro ya sauka a kai. Biskit ya karkata kai. Ya ɗaga ƙirji, ya matso taku ɗaya. Harshe ya fito, ja-ja mai danƙo, sai ga kara kaɗai a hannun Alby. Ƙadangaren ya tauna, ya tauna, ruwan ɗorawa na leƙowa ta gefen bakinsa, ya haɗiye. Ya dubi hannun yana jira.

Alby ya sake kai hannu murfin. Ya ɗauki ganye, ya miƙa da hannun dai. Ganyen ya yi rawa, aka cafke.

Da rana ya je gidan Ines da wankakkiyar riga. Ta zuba masa cikoriya da man zaitun da lemon tsami da tafarnuwa, da ƙwai dafaffe a gefe. Ya zauna a bakin kujera kamar wanda ya zo ofis. Ya kai loma ɗaya, fuskarsa ta tattare.

"Da an ɗan tafasa ta..."

"Ci ka yi shiru."

Ya ci. Ba inda zai juya baya, sai ya ga yadda take ci: in ɗacin ya kai mata, takan lumshe ido ta ɗan girgiza kai kamar mai jin waƙar da ta sani. Shekara arba'in yana ciyar da mutane, ashe haka suke yi a bayansa. Ya share farantin da burodi. Da zai tafi ta miƙo masa wata 'yar tukunya mai hannu ɗaya.

"Aro ne. Ta mutum biyu ce, in ka ci ka rage na gobe. Na gaji da jin warin kifin gwangwani ta shinge."

Daga ranar aka sauya tsari. Ganye sai rana ta yi zafi, gyare sai la'asar, murfi kuma ya wuni a wurin ko da ƙuda zai yi biki. Alby ya fi shan wahalar wannan na ƙarshen. Yakan wuce ya ga murfin, hannunsa ya miƙa da kansa, ya janye. Sannu a hankali Biskit ya fara ɗauka daga murfin in ya ga dama, ya karɓi gogaggiyar kabewa, ya ƙi karas har yau. Rawar yatsunsa ta ragu, ta ɓace. Wal ya gwada ba shi fure da ƙaton hannunsa da ba ya motsi, ƙadangaren ya ɗaga masa ƙafa kawai.

"Son kai ne," in ji Wal. "Ka saye shi."

Narelle da Tamsin sun iso ranar Alhamis da yamma, ƙura har gira. Washegari da hantsi aka fito da keji. Juma'a ce, Wal ya zo da wuri don kada a ba shi labari, Ines kuma ta jingina da shinge. Alby ya ajiye murfi cike da ganye da fure ya ja da baya, hannunsa a aljihu.

Biskit ya dubi taron. Mutane sun yi masa yawa. Ya kumbura gemu ya yi baƙi, ya juya wa murfin wutsiya.

"Jiya ya ci," in ji Alby.

"Na yarda, Baba," in ji Narelle, da irin muryar da ake yi wa marar lafiya.

Tamsin ta miƙa wa Biskit fure, ya ƙi.  Alby ya san abin da zai sa ya ci, ya kuma san wa ke tsaye a gefensa tana kallo. Ya dubi jar ƙasar tsakar gidansa, inda wasu ganyaye masu haƙoran zarto suka fara ɓullowa tun da ya daina feshi. Ya zaro hannun.

Furen ya yi rawarsa a fili, kowa na gani. Baƙin gemun ya fara washewa. Biskit ya karkata kai, ya cafke, ya nemi na biyu. Tamsin ta riƙe baki don kada ta firgita shi. Narelle kuwa ba ƙadangaren take kallo ba.

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun bara."

"Na sani tun bara. Jira nake ka fito da shi daga aljihu." Ta kama hannun ta riƙe a nata, ya ci gaba da 'yar rawarsa a ciki. "Ran Litinin za mu je asibiti a duba shi. Wannan ba ƙuri'a a ciki."

"Sauran fa?" in ji Wal. "A bi doka, 'yata. Wanda ke son a sallami mai girki ya ɗaga hannu."

Wal ya sa nasa a ƙarƙashin gemu. Ines ta ce ita hannunta da ƙasa. Tamsin ta zauna a kan nata. Narelle ta dubi uban, ta dubi 'yar tukunyar da ke kife a tagar kicin, wadda ta riga ta buɗe da safe ta ga sauran miyar jiya da ganye a ciki.

"Ɗakin ya yi kyau da fentin," ta ce. "Keken ɗinkina zai ji daɗinsa." Ba ta ɗaga ba.

Duk suka juya ga keji. Biskit ya baje a kan reshe, ido a lumshe, ɗan guntun fure a gefen baki, ƙafafu huɗu a ƙasa.

Har yanzu Biskit yana gidan, ya kusa kai na kan gungume girma, mai gidan Dubbo kuwa bai sauya ra'ayi ba, ba kuma wanda ya matsa masa. Faifan garma na nan a baranda. Alby bai daina buga shi ba, sai dai yanzu sai rana ta take yake bugawa. Ƙadangaren ba ya kulawa. Ines ce ke amsawa ta bayan shinge, tana cewa ta ji, ba kurma ba ce, ya dai sauke tukunyar kafin ya kashe ganyen.